ƊANYE KO BANDA: TARE DA MASU ƊAUKAR HOTO A BAKIN MATAN FADA

Wanda ya je Argungu a lokacin da ba na biki ba, aka kai shi bakin Matan Fada, da wuya ya yarda cewa wannan ɗan ruwan ne sunansa ya zaga duniya. Wani reshe ne na Gulbin Kabi, faɗinsa bai taka kara ya karya ba, ruwansa kuwa jaja-jaja ne irin na fadama, yana kwance shiru kamar babu kome a cikinsa. Shirun nan kuwa da gangan ne, gama a duk tsawon shekara an hana su a wurin, Sarkin Ruwa da mutanensa suna tsaronsa don kifi ya taru ya yi ƙiba. Rana ɗaya tak a ke buɗe shi, a cikin ranar ma abin bai fi sa'a guda ba. Saboda wannan sa'a guda ne mutane ke baro Ikko da Kano da Yamai, har da ƙasashen Turai, su zo su cika garin maƙil.

Kabawa dai masu tarihi ne. Muhammadu Kanta ne ya kafa daularsu a farkon ƙarni na 16, ya zauna a Surame, ya ƙi bin Askiya na Sanwai. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kabi a 1805, sarautar ta koma Argungu, daga nan aka yi ta gwabzawa da Sakkwato da Gwandu shekara da shekaru. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya masa babban su don girmamawa, wannan kuwa shi ne mafarin bikin kamar yadda a ke yinsa a zamanin nan. Tsohuwar fadar sarki ita ce ta zama gidan tarihi na Kanta a 1958. A 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa bikin a cikin jerin al'adun da ya kamata duniya ta adana.

Na halarci wanda aka yi a watan Maris na 1920 da ɗari a kai, watau 2020, karo na 60 ke nan, a zamanin Sarkin Kabin Argungu Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera. Daga Birnin Kabi tafiyar kimanin kilomita 50 ce, fadamar shinkafa tana bin ka har ƙofar gari. Abin da ya ƙara wa na wannan shekara armashi shi ne tun na 2009 ba a sake yi ba, saboda matsalar tsaro da wasu dalilai. Yaron da ya ke da shekara 15 a garin bai san bikin garinsu ba sai a bakin manya da kuma hoto. To, maganar hoton nan ita ce ta kawo ni wannan shafi, don kuwa a bakin ruwan nan na ga gardamar da ban taɓa zaton za ta ɗauki mutane da zafi haka ba.

Masu ɗaukar hoto da suka yi sammako suka kama wuri a gaɓar ruwa iri uku ne. Akwai 'yan jarida, da manyan kyamarori biyu-biyu rataye a wuya. Akwai 'yan kasuwa, watau masu bin jama'a su ɗauke su, su wanke nan take su sayar musu. Akwai kuma baƙi irinmu, waɗanda suka sayi kyamara mai tsada amma ba su taɓa leƙa jerin zaɓin da ke cikinta ba tun ranar da aka fitar da ita daga kwali. Kusa da ni akwai wani dattijo daga Sakkwato wanda ya fara sana'ar tun zamanin fim, da wani saurayi mai aiko wa wata jarida hotuna. Kafin a buga bindiga akwai jira mai tsawo, jira kuwa shi ke kawo hira.

Dattijon ne ya fara. Ya leƙa bayan kyamarar saurayin, ya ga an rubuta JPEG a kusurwa, sai ya girgiza kai. “Yaro,” in ji shi, “ka zo bakin ruwa ka sayi banda?”

Kada mai karatu ya ɗauka zolaya ce kawai, akwai ilmi a ciki. Kyamarar zamani ba ta da fim, wani ɗan faifai ne a cikinta mai ɗauke da miliyoyin ƙananan idanu, kowane ido yana auna hasken da ya faɗa masa. Sa'ad da aka danna, hanya biyu ce a gaban kyamara. Ko dai ta ajiye abin da idanun nan suka auna yadda ya ke, ba ta taɓa shi ba, wannan shi a ke kira RAW, ma'anarsa kuwa ɗanye. Ko kuma ta yi aikin da kanta a cikin ƙiftawar ido: ta yanke shawara kan launi, ta ƙara kaifi, ta daidaita haske da duhu, sa'an nan ta zubar da abin da ta ga ido ba zai lura da rashinsa ba, ta matse sauran ya zama ɗan ƙaramin fayil. Wannan shi ne JPEG, tsarin da wani kwamitin masana ya fitar a 1992. Banda ke nan: ba ta da nauyi, tana shiga kowace kasuwa, kowa na iya ci nan take, amma wanda ya ce zai mai da ita ɗanyen kifi ya yi ta fama.

Abin da a ke zubarwa kuwa ba kaɗan ba ne. A cikin JPEG, kowane ɗaya daga launuka uku na asali, ja da kore da shuɗi, yana da mataki 256 ne tsakanin baƙi ƙirin da fari fat. A cikin ɗanyen hoto matakan su kan kai 4,096, a manyan kyamarori ma 16,384. A ranar da haske ya ke da sauƙi, kamar da hantsi a inuwar bishiya, ba mai ganin bambanci. Amma Argungu a watan Maris ba ta san sauƙi ba. Rana tana dukan ruwa tana dawowa cikin ido, sauran ƙurar hunturu ta mai da sama fari-fari, masunta baƙaƙe ne kuma jikinsu jiƙe yana ƙyalli, can a rumfa ga sarakuna da fararen riguna da rawuna a cikin inuwa. In kyamara ta auna haskenta da ruwa, masunta su zama gawayi, ba ido ba hanci. In ta auna da fuskar masunci, ruwa da sama su ƙone su zama farar takarda. Mai ɗanyen hoto yana iya zama gaban kwamfuta daga baya ya ɗago fuskar daga duhu, ya kuma kwantar da hasken ruwa har igiyoyinsa su fito. Mai JPEG in ya gwada haka, sai fuska ta yi dabbare-dabbare, sama kuma ta rabu layi-layi kamar rinin da bai kama ba. Haka nan launin ƙura, wanda ke sa kome ya yi ɗorawa-ɗorawa: a ɗanye a kan gyara shi ba tare da hasara ba, a JPEG kuwa ya riga ya shiga jiki. Sai dai ɗanyen ma yana da iyaka, abin da ya ƙone ƙurmus ba ya dawowa.

Dattijon ya ce shi a wurinsa ɗanyen hoto shi ne magajin nagatif. A da, in ji shi, mai hoto ya kan ba ka kati ya riƙe nagatif, don kati na tsufa, nagatif kuwa a kan sake wanke shi ko bayan shekara ashirin, a fito da abin da wankin farko ya ɓoye.

Saurayin bai yi gardama da ilmin ba, amma ya ce, “Baba, ni ba ni da bayan shekara ashirin, bayan minti ashirin gare ni.” Hujjojinsa kuwa ba na yarwa ba ne. Na farko, a kyamara mai ɗigo miliyan 24, ɗanyen hoto guda ya kan kai megabait 25 zuwa 30, JPEG mai kyau kuwa wajen 10. A ranar da dubban mutane suka taru a wuri guda kowa da waya a hannu, intanet ta kan yi tafiyar hawainiya, kuma edita ba ya jira. Na biyu, kyamara tana da wani ɗan rumbu na wucin gadi inda hotuna ke tsayawa kafin su shiga katin memori. In mutum ya danne maɓalli yana ɗauka a jere, ɗanyen hoto ya kan cika rumbun nan da sauri, a ƙananan kyamarori ma cikin daƙiƙa biyu ko uku, daga nan sai kyamara ta tsaya tana numfashi, alhali abin da ka zo dominsa yana wucewa a gabanka. Na uku, ɗanyen hoto ba ya buɗuwa a kowace waya, sai an bi da shi ta manhaja ta musamman. Ya kuma kawo misali da kamfanin dillancin labaru na Reuters, wanda a 2015 ya umurci masu aiko masa da hotuna su riƙa turo JPEG na cikin kyamara, saboda sauri, da kuma rage yawan gyare-gyaren da ke canja kamannin abin da ya faru.

Ni dai a ganina kowanensu yana da gaskiya a kan aikinsa. Wanda ba shi da gaskiya shi ne na uku, watau baƙon da ya rage darajar hotonsa don kawai ya ga lambar hotunan da suka rage a kati ta ƙaru. Gama JPEG ɗin ma hawa-hawa ne, kuma zaɓi biyu ne a ciki waɗanda mutane ke rikitawa. Ɗaya girma ne, a kan rubuta L da M da S, watau babba da matsakaici da ƙarami, wannan yawan ɗigo ke nan. Babba a kyamarar da muka ambata ɗigo 6,000 ne a tsawo, 4,000 a faɗi, abin da zai ba da kati mai inci 20 da 13 garau. Ɗayan kuwa matsi ne. A kyamarorin Nikon an rubuta Fine da Normal da Basic, na farko yana matse hoto zuwa kimanin kashi ɗaya cikin 4, na biyu ɗaya cikin 8, na uku ɗaya cikin 16. Tsarin JPEG yana yanka hoto ne gida-gida, kowane gida ɗigo 8 sau 8, ya sauƙaƙe abin da ke cikin kowane gida. Bangon da ba zane ba ya jin matsi. Amma hoton Argungu kusan duk ragar homa ce da fantsamar ruwa da kawunan mutane dubbai, su ne kuwa abubuwan da matsi ya fi cuta. Zaren raga ya narke, gefen gora ya yi gizo-gizo, fuskokin da ke nesa su zama tabo.

Rowar nan kuwa ba ta da dalili a yau. Katin giga 32 yana ɗaukar ɗanyen hoto wajen 1,000, JPEG babba mai kyau kuwa kusan 3,000. Dattijon ya yi dariya da ya ji wannan lissafi, ya ce shi da fim mai hoto 36 ya ke zuwa biki, guda uku ko huɗu a aljihu, kowane danni sai ya yi bisimilla. Ni kuma na tuna cewa kyamarar farko irin wannan, wadda injiniya Steven Sasson ya harhaɗa a kamfanin Kodak a Amurka a 1975, ɗigo 10,000 kacal ta ke ɗauka, baƙi da fari, ta kuma shafe daƙiƙa 23 tana rubuta hoto guda a kan kaset. Abin lura kawai shi ne katin jabu ya yi yawa a kasuwanni, a rubuta giga 64 a baya alhali cikinsa bai kai haka ba, don haka mai hankali ya kan cika sabon kati da hotuna a gida ya gwada shi kafin ya hau mota.

Ana cikin haka sai makaɗa suka canja kiɗa. Masunta dubbai suna tsaye can nesa da gaɓa, kowa da ƙatuwar gorarsa da homa biyu, an yi ta fama da su don kada su riga bindiga. Da aka sake su, abin da na fara gani ƙura ce ta tashi kamar ta Hawan Daushe, sa'an nan ƙarar gorori suna karo da juna, sa'an nan ruwan ya ɓace. Ba ƙari na ke yi ba, ya ɓace ɗungum a ƙarƙashin mutane. Wannan ya kwanta bisa gora yana tuƙi da ƙafa, wancan ya nutse sai tafin ƙafarsa ka ke gani, jiragen makaɗa suna ratsawa a tsakani suna zuga gwanaye. Daga shigarsu ruwa zuwa lokacin da laka ta rine kome bai fi minti biyu ko uku ba, a nan ne kuwa hoton da kowa ya zo nema ya ke. Kyamarar saurayin tana ta ƙara kamar keken ɗinki ba tsayawa. Dattijon kuwa ɗaya-ɗaya ya ke danni, ya bi mutum guda da ido, ya jira sai ya ɗago da kifi ruwa na zuba daga ragar, sa'an nan ya danna. Ya san rumbun kyamararsa ƙarami ne, bai kuwa nemi ya cika shi ba. Ba wanda ya sami sukunin leƙa jerin zaɓi a wannan lokaci. Abin da kowa ya saita tun da asuba, da shi ya tashi.

Aka riƙa jawo giwan ruwa zuwa ma'auni a gaban rumfar sarakuna, wani sai mutum uku ko huɗu sun kama. Wanda ya zo na ɗaya a wannan shekara kilo 78 ya yi. Alƙalai ba nauyi kaɗai su ke dubawa ba, har da lafiyar kifin, kuma suna da dalili, don a 2008 an karɓe kyauta daga hannun wanda ya zo na ɗaya bayan an gano cewa kifinsa ya mutu tun kafin a shiga ruwa, daga wani wuri aka kawo shi. Masu gasar hoto ma haka su ke yi. Gasar World Press Photo ta birnin Amsterdam ta kan nemi waɗanda suka kai zagayen ƙarshe su kawo fayilolinsu na asali a gwada da abin da suka gabatar, kuma a 2015 an fitar da kimanin kashi 20 cikin ɗari na waɗanda suka kai wannan matsayi saboda gyaran da ya wuce ƙa'ida. Ɗanyen hoto shaida ne, yana da wuyar yi wa ƙarya, ya kuma nuna wane ne ya danna. A ƙasar da a ke kwashe hoton mutum a buga ba izini ba suna, wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hotunan da samarin garin suka nuna mini a wayoyinsu na bukukuwan da aka yi kafin a dakatar. Yawancinsu sun bi ta hannu goma. WhatsApp da Facebook su kan rage girman hoto su sake matse shi, wani ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya tura, wani ya yanke gefe ya sake ajiyewa. Kwafar fayil daga kati zuwa kwamfuta ba ta rage kome, amma duk lokacin da aka buɗe JPEG aka taɓa shi aka sake ajiyewa, sai an sake zubar da wani abu. Wani saurayi ya nuna mini mahaifinsa, wanda ya rasu a cikin shekarun da ba a yi biki ba, yana riƙe da kifi a bakin Matan Fada. Kifin ana gane shi. Fuskar kuwa sai don ya ce mahaifinsa ne. Da a ce wanda ya fara turawa ya aika da shi a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, da ya iso yadda ya ke.

Duk da haka kada a ɗauka ɗanye ba shi da nasa ciwon. Kowane kamfani da irin nasa: Canon na da CR2 da CR3, Nikon na da NEF, Sony na da ARW, kuma sabuwar kyamara ta kan zo da ɗanyen da tsohuwar manhaja ba ta sani ba. Don maganin wannan ne kamfanin Adobe ya fito da DNG a 2004, amma ba duka masu ƙera kyamara suka karɓa ba. JPEG kuwa, wanda aka ɗauka shekara 25 da suka wuce yana buɗuwa a kowace waya a yau. A nan ma misalin dattijon bai kuskure ba, ɗanyen kifi sai da kulawa, banda ita ke jure tafiya. Saboda haka shawarar da zan ba mai niyyar zuwa Argungu, ko hawan salla, ko wani taron da ba a maimaitawa, ita ce ya zaɓi inda aka rubuta RAW+JPEG, kyamara ta ajiye duka biyu a danni guda, ya ƙara kati, ya kuma rage ɗauka a jere. In kuwa ba shi da kwamfuta, ba shi kuma da niyyar zaman gyara, to ya bar ɗanye ga masu shi, ya sa JPEG a kan babba da mafi ƙarancin matsi, kada ya sake taɓawa.

'Yan kasuwar hoto su ba su shiga gardamar ba sam. Da la'asar na sami ɗayansu a gindin wata bishiya, da ɗan injin wanki da batir, masunta sun yi layi, kowa da laka har wuya, wani da kifinsa a kafaɗa, wani da gora kawai. Matsakaicin JPEG ya ke ɗauka, ya ce katin da bai fi tafin hannu ba ba ya bukatar fiye da haka, injin ma ya fi saurin karɓa. Lissafinsa daidai ne. Na tambaye shi inda ya ke ajiye hotunan bayan ya sayar. Ya ce kati ɗaya gare shi, kowane dare ya kan share shi tas saboda aikin gobe, wanda ya biya ya tafi da nasa a takarda, wanda bai dawo karɓa ba kuwa shi ke nan.